Shekarar da Na Hana a Sare Garkata

A shekarar da aka ɗebi mazan unguwarmu aka tafi da su aikin hanyar jirgin ƙasa, ni da surukata muka rage a gida, sai 'yar jaririyata da ko zama ba ta fara ba. Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba a lokacin. Mu dai a Takur ba mu cika ganinsu ba, sai dai saƙonsu: yau a ce a kai hatsi, gobe a ce a kai mutane. Maigidana yana cikin waɗanda aka kira tun ruwan shuka bai sauka ba. Ya naɗe 'yar tabarmarsa, ya rataya gora, ya ce mini ba zai daɗe ba. Damina ta faɗi ba ya nan, ta yi nisa ba ya nan.

Gonarmu ta gero tana can nesa da gari. Ƙanin mahaifin maigidana, wanda muke kira Baffa, shi ya taimaka ya shuka mana ita, amma shi ma yana da tasa gonar da nasa iyalin, ga tsufa. Noman fari aka yi mata sama-sama, maimai kuwa ba a yi ba. Ranar da na je na gan ta, ciyawa ta kai ni ƙugu, na san ba daga nan abincinmu zai fito ba. Na dawo gida, na ɗauki hauya na zagaya baya.

A bayan gidanmu akwai wani ɗan fili da ya gangaro daga gindin duwatsu, inda muke zubar da toka da sharar turken awaki tun kafin a kawo ni gidan. Ƙasar wurin baƙa ce, in ka dunƙula ta a hannu sai ta dunƙulu. Na saro ƙaya na jawo ta a ƙasa, na haɗa da tsohon kara, na yi shinge. Na tayar da kunyoyi da goyo a bayana. Irin da na shuka duk na mahaifiyata ne, daga garinmu Aujara na zo da shi, ƙulli-ƙulli a cikin tsumma: kuɓewa doguwa mai ja-ja a baki, da yakuwa, da rama, da kabewa, da gauta, da barkono. Kuɓewar na jiƙa ta ta kwana kafin in saka a ƙasa. Gauta da barkono a cikin fasasshiyar tukunya na rene su, sai da suka yi ƙwari na dasa. Kabewa kuwa a gindin shinge na binne ta, don ta sami abin hawa. Lalo da alayyafo ba wanda ya gayyace su, da kansu suka fito, na bar su.

Surukata, wadda nake kira Inna, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Amma kullum da safe sai ta ce in kama hannunta in kai ta garkar. Ta durƙusa tana shafa ganye. Da yatsa take gane wanda tsutsa ta ci.

"Wannan na kuka, 'yar nan," in ji ta. "Barbaɗa masa toka tun raɓa ba ta bushe ba."

Ba ƙaramin faɗa na yi a kan wannan garka ba tun kafin mutum ya shigo cikin maganar. Awakin maƙwabta sun fasa shingen, na toshe. Birai sun sauko daga kan dutse sun karya mini rama, na koyi jifa da hannun hagu saboda na dama yana tallafe da yarinya. Wani ruwa da aka yi mai ƙarfi ya kwashe kunyoyin ƙasa gaba ɗaya, na sake tayar da su, na jera duwatsu a samansu don su karya gudun ruwan.

Da marka ta kama, rumbunmu ya kusa ƙasa. Da tafin hannu nake auna gero. A daidai wannan lokaci garkar ta fara biyan wahalarta. Kuɓewa ta yi fure rawaya, ta fara fitar da 'ya'ya, kullum sai na cire, in na bar ta kwana biyu ta ƙosa. Hannayena har gwiwar hannu ƙaiƙayi suke yi, ban damu ba. Ramar ta fi ni tsawo. Mukan dafa ganyenta mu matse mu yi kwaɗo, mu ci mu sha ruwa, ya riƙe mu har yamma. Garin da ba zai isa tuwon mutum ɗaya ba, in na zuba masa yakuwa da alayyafo na yi fate, sai ya ishe mu mu biyu, har nono ya kawo wa yarinya. Kabewa ta haye shingen ta leƙa waje, ta fara ajiye 'ya'ya kamar kan jariri, kore shar, ba su nuna ba tukuna.

Ana cikin haka wata rana da la'asar mai unguwa ya yi sallama a ƙofar gida. Dattijo ne, tare suka taso da marigayi surukina. Na yafa mayafi na fita zaure na durƙusa na gaishe shi. Ba shi kaɗai ba ne. A bayansa akwai wani dogon mutum da jar hula da bulala a hannu, wanda daga baya na ji masinjan Bature ne. Hausarsa ba irin tamu ba ce.

Mai unguwa ya ƙi kallona. Ya ce, "Bature zai zo rangadi. A kan tudun nan na bayanku za a yi masa masauki. An ce duk wani ganye da ya wuce gwiwa, daga gidajen nan har gindin tudun, a sare shi, saboda sauro. Sauron nan shi ke kashe Turawa."

Na ce, "Baba, har da abin miya?"

"Har da shi."

"To, me za mu ci?"

Ya ce, "Allah ba zai hana ku ba, 'yata."

Na ce, "Ai Allah ya riga ya ba mu, Baba, ga shi can a bayan gida. Ku ne kuka zo hanawa."

Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban taɓa mayar wa babba magana ba kafin wannan rana. Masinjan ya buga bulalarsa a ƙafarsa, ya ce wa mai unguwa, "Wannan ta san da wanda take magana kuwa? Ina mijinta?"

Na ce, "Ku za a tambaya. Ku kuka tafi da shi."

Mai unguwa ya yi saurin jan hannun mutumin, yana cewa yarinya ce, a yi haƙuri, za a sare. Suka wuce gidan maƙwabta.

Washegari aka fara. Ba gidan da ba shi da ɗan abin miya a baya, kuma duk aka bi aka kwantar. Ina tsaye a kan turmi ina leƙe ta saman danga. Na ga matar maƙeri, ƙawata, tana bin bayan masu saran da ƙwarya, tana tsintar ƙananan kuɓewar da ba su kai yatsa ba. Na ga an tara rama tsibi-tsibi, ana jan kabewa da yaɗonta kamar ana jan igiya. Warin ɗanyen ganye ya cika unguwar. Ba wanda ya yi kuka da ƙarfi, kowa ya yi shiru yana kwasar abin da zai kwasu. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai. Aka ce namu gidan sai gobe, don shi ne na ƙarshe a layin.

Na sauko daga kan turmin na sami Inna a bakin ɗakinta. Ta riga ta ji komai.

Ta ce, "Ki cire abin da za ki iya cirewa yau, ki bar musu sauran. Mutanen nan sun kori sarakuna, ke wace ce?"

Na ce, "Inna, ganyen da zan cira yau jibi ya ruɓe, ba rana balle in shanya. Garkar nan a tsaye take ciyar da mu, ba a kwance ba."

"In suka dake ki fa? Wa zai shayar da yarinyar nan?"

Na tsaya ina kallon dangar da ta raba tsakar gidanmu da garkar. Tsohon kara ne, ruwa ya riga ya cinye gindinsa. Abin da ya zo mini a rai shi ne, an ce a sare na bayan gida. Ba wanda ya ce a shiga tsakar gidan matar aure wadda mijinta ba ya nan. Ko a wancan zamani da komai ya birkice, wannan bai birkice ba tukuna.

Na kwance goyo na ajiye wa Inna a cinya, na kama dangar na fara tumɓukewa. Inna ta ji ƙarar kara tana karyewa ta ce, "Ke, me kike yi?"

"Faɗaɗa gida nake yi, Inna."

Duk karan da na cire na kai shi shingen waje na ƙara masa tsawo, na ɗaure da ɓawon rama. Na kwance zanan da ke rufe da rumfarmu, shi ma na jingina a inda shingen ya yi ƙasa. Na mirgina turmi na kai tsakiyar kuɓewa. Na kwashe duwatsun murhu na girka su kusa da barkono. Na jawo randa da ƙyar, rabin ruwan ya zube. Na wanke zannuwana da tsumman yarinya na shanya su a kan shingen, inda duk mai wucewa zai gani ya san mata ne a ciki. Kafin rana ta faɗi, wanda bai san gidan ba ba zai iya cewa ga inda tsakar gida ta ƙare, ga inda garka ta fara ba.

Inna tana zaune da yarinyar duk wannan lokaci. Da na gama na zo karɓar yarinya, hannuna duk ƙaya, sai ta riƙe wuyan hannuna ta shafa tafin. Ta daɗe tana shafawa. Can ta ce, "Gobe da safe ki ɗauki tabarmata ki shimfiɗa mini a can. Ba a cikin inuwa ba. A bakin hanya, inda za su fara ganina."

Da hantsi suka zo. Ba wasu baƙi ba ne, mutanen unguwa ne, tsofaffin da aka ga ba za su iya aikin jirgi ba da samarin da suka ɓuya ranar ɗiba. Kowa da addarsa ko laujensa. Mai unguwa na gaba, masinjan na baya. Suka zagaya ta inda 'yar ƙofar garkar take, suka tarar na toshe ta da ƙaya. Suka leƙo ta wata kafa. Ina tsaye a bakin turmi ina daka, ba mayafi, zani ɗaure a ƙirji kamar yadda kowace mace take a cikin gidanta. Hayaƙi na tashi daga murhu. Inna na zaune a tabarma da carbi. Matar maƙeri ma tana nan, don tun da sassafe na aika mata, ta zo da taɓaryarta ba ta tambaye ni dalili ba.

Wanda ya fara leƙowa ya ja da baya da sauri yana cewa, "Subhanallahi, ai cikin gida ne."

Masinjan ya ce, "Wane irin cikin gida? Jiya ba haka yake ba."

Na ɗaga murya ba tare da na daina daka ba, na ce, "Yau haka yake. Mai son shigowa ya bi ta zaure ya yi sallama, in maigidan ya ba shi izini ya shigo."

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, aka tsawata masa. Masinjan ya yi ta zagi, yana tura su ɗaya bayan ɗaya, kowa na noƙewa. Da ya ga haka sai ya tambayi mai unguwa ko akwai ɗan'uwan mai gidan a cikinsu. Akwai kuwa. Baffa na nan a baya da laujensa, yana ta ɓoye fuska. Shi ba mai hana shi shiga gidan ɗan wansa. Aka tasa shi gaba, ya bi ta zaure, ya shigo yana jan ƙafa har ya iso bakin tabarmar Inna. Wannan kam ban yi tunaninsa ba.

Inna ta gane takunsa. Ta ce, "Kai ne? Shigo mana, ai gidanku ne."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Yaya, tilas aka yi mini."

Ta ce, "Na sani. Sare. Ga ramar nan a damanka, ita muka ci jiya, ita za mu ci yau. In ka gama sai ka aiko mana da abin da za mu ci gobe daga rumbunka, da jibi, har ranar da ɗan naka, maigidan nan, zai dawo. Ka ga shi ke nan ba wanda ya cuci wani."

Baffa ya daɗe a durƙushe. Na san abin da ke cikin rumbunsa, bai fi namu ba. Ya dubi ramar, ya dube ni, ya miƙe ya rataya laujen a kafaɗa ya fita. Na ji yana cewa a waje, "Ni dai ban iya ba. Wanda ya iya ya shiga."

Sai masinjan ya taho da kansa. Ya fizge adda a hannun wani, ya sa ƙafa ya ture ƙayar da na toshe ƙofa da ita, ya sako ƙafa ɗaya ciki. Matar maƙeri ta saki taɓarya ta yi bayan rama. Ni ban saki tawa ba. Na riƙe ta da hannu biyu na tsaya tsakaninsa da kuɓewar. Ban matsa ba.

Inna ta juyo da fuskarta wajen da ta ji motsin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wane ne wannan? Baƙon nan ne? Shigo, ɗana. Amma kafin ka ƙaraso ka faɗa mini garinku da sunan mahaifiyarka. Makauniya ce ni, ba zan gane fuskarka ba ranar da za a tsaya gaban Allah, gara in riƙe suna."

Mutumin ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ban san abin da ya tuna ba. Mutanen unguwa duk suna kallonsa, har da mai unguwa, kuma ba irin kallon ɗazu ba ne. Ya janye ƙafarsa.

Amma bai tafi hannu wofi ba. Ya bi shingen ta waje yana sara duk abin da ya leƙo. Kabewata da ta haura, ya datse yaɗonta, ya bi 'ya'yan yana fasawa da adda ɗaya bayan ɗaya, fararen cikinsu a warwatse a ƙasa. Ya sare kan ramar da hannunsa ya kai. Da ya zagayo ƙofar gida ya ga akuyarmu a ɗaure a gindin bishiya, uwar garke ce, ga ciki. Ya sa aka kwance ta. Ya ce wannan ladan taurin kai ne, in ina da magana in je in faɗa wa Bature.

Na bi su har bakin zaure ina faɗa. Na ce ya ci, Allah ya sa ta tsaya masa a wuya. Na ce wa mai unguwa ya ji kunya, a gabansa aka kwance akuyar marayun amininsa. Bai waiwayo ba. Da na koma ciki sai na zauna a gindin turmi na yi kuka mai isata, na akuyar da na kabewar. Inna ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce, "To tashi. Kuɓewar yau ba a cire ta ba."

Bature ya iso bayan 'yan kwanaki, da 'yan dako da masu bindiga da kaya kamar mai ƙaura. An yi masa bukkoki a kan tudun, an share ko'ina tas, sai jar ƙasa. Daga can sama in ka dubo, unguwar duk a aske take, sai garkata kaɗai kore a tsakiya. Ranar da suka sauka iska ta kawo mana ƙamshin nama daga tudun. Ban tambayi kowa naman mene ne ba.

Mutane suka ce in lafa, kada in riƙa fitowa yana gani. Ni kuwa kullum da safe sai na ɗauki babbar ƙwaryata na shiga tsakiyar kuɓewa ina cira, ina jefawa da ƙarfi don ta yi ƙara. Na cire gauta, na tsinki barkonon da ya fara ja, na yanki yakuwa. Sau ɗaya na gan shi kusa. Ya sauko yana yawo da sanda, masinjan na bin sa, ya tsaya daidai inda aka fasa kabewar. Shingen ya yi ƙasa a wurin, muka ga juna sosai. Saurayi ne ashe, siriri, fuskarsa ja, idanunsa rawaya irin na wanda zazzaɓi ya sha. Masinjan ya daka mini tsawa in durƙusa. Na ce a cikin gidana nake, kuma hannuna da aiki. Baturen ya tambaye shi wani abu da yarensu, ya amsa masa da dogon bayani yana nuna ni da bulala. Ya dubi garkar, ya dubi zannuwan da ke kan shinge, ya faɗi kalma ɗaya ko biyu, ya juya. Har yau ban san abin da ya ce ba. Na dai ci gaba da cirar kuɓewata, kuma ba wanda ya sake zuwa da adda.

Ba su daɗe ba suka naɗe kayansu suka yi gabas. Sauron da aka yi wa wannan ɓarna kuwa yana nan yadda yake, mu ya ci gaba da ci.

Bayan tafiyarsu yunwa ta shiga unguwar sosai, don gero bai nuna ba, ga abin miya an sare. Sai mata suka fara zuwa. Da fari matar maƙeri ce, ita kuwa ko ba ta tambaya ba rabonta na nan. Daga nan sai sauran, kowacce da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ta zo wai gaishe da Inna. Na ba su. Amma ban yi musu shiru ba, don ni ba waliyyiya ba ce. Duk wadda mijinta ko ɗanta ya zo da adda ranar nan sai na faɗa mata, ina zuba mata rama ina faɗa. Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai. Matar mai unguwa ita ce ta ƙarshe, ta zo da magariba don kada a gan ta. Na ce ta koma ta dawo da safe ta ƙofar zaure, kowa na gani. Inna ta ce na cika tsanani. Matar ta dawo da safen kuwa, na cika mata ƙwarya har da barkono a kai.

Da ruwa ya fara ɗaukewa rana ta buɗe, sai aikin shanya. Na yayyanka kuɓewa ƙanana-ƙanana na baza a kan tabarmi, tsakar gida duk ta cika, ba wurin taka ƙafa. Na shanya ganyen yakuwa daban, jan kanta na zoɓo daban, 'ya'yanta na tara don daddawa. Barkono na zuba a faifai na ɗora a kan ɗaki. Karan ramar na jiƙa a kududdufi na saɓe ɓawon na yi igiya. Kabewa guda ta tsira, wadda ta ɓuya ta ciki a ƙarƙashin ganye, ta girma har sai da muka ɗauke ta mu biyu da matar maƙeri. Manyan kuɓewar kuwa na bar su a jikin uwarsu suka bushe suka tsage, don iri. Wannan ya zama dole, saboda duk unguwar an sare musu tun shukarsu ba ta yi ƙwaya ba, ba mai abin da zai saka a ƙasa baɗi. Na rarraba, har mutanen Yalwawa da ke kusa da mu sun aiko an ba su.

Mai unguwa bai sake amsa gaisuwata ba har ya bar duniya. Ni kuma ban daina gaishe shi ba. Duk inda na gan shi sai na durƙusa na gaishe shi da ƙarfi.

Maigidana ya dawo bayan an yanke gero. Ya rame, ga gyambo a ƙafa, ga tari. Ya yi wanka ya ci tuwo, ya yi barci kamar ba zai tashi ba. Sai da ya farka ya zagaya gidan, ya ga danga ba ta inda ya bar ta, ya ga turke ba akuya. Baffa ya riga ya tare shi a hanya ya ba shi labari, amma ya so ya ji daga bakina. Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Na zaci zai yaba. Sai ya ɓata rai ya ce, "Kin san abin da mutanen nan suke yi wa wanda ya ce musu a'a? Ni na gani da idona. Na ga an ɗaure ƙato an zane shi a kan abin da bai kai wannan ba. Kika sa tsohuwa makauniya a gaban mai adda?"

Na ce, "Ita ta ce in kai ta."

"Da ya sare ta fa?"

"Da an sare garkar, da yunwa ce za ta sare ta, ita da 'yarka. Ka zaɓi wanda ka fi so."

Ya ce, "Akuyar fa? Da cikinta."

Na ce, "Akuya ta tafi. In aka sake zuwa gobe, abin da na yi shi zan sake yi, ko da kana nan."

Ya ɗaga murya, na ɗaga tawa. Inna na jin mu daga ɗaki, sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce masa, "Kai, ba ka nan. Wanda ba ya nan ya yi shiru."

Ya yi shirun, amma bai yarda ba. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan wannan, mun haifi wasu 'ya'yan, mun binne Inna, kuma bai taɓa cewa na yi daidai ba. Duk lokacin da maganar ta taso a gaban baƙi, shi sai ya ce shekarar da na jawo masa asarar akuya. Ni kuma in gyara masa a gabansu, ya harare ni, in ci gaba da abin da nake yi.